Yadda Ake Gano Tsohon Fim ko Katun da Sunansa Ya Ɓace, da Lambobin Sirrin Wasannin Dā

Da wuya a sami wanda ya taso yana kallon fina-finan Indiya a silima, ko katun a talabijin da yamma bayan an taso daga makaranta, wanda ba shi da wani fim guda da ya tsaya masa a rai, yana tuna wata fitowa ko amshin wata waƙa, amma sunan ya kwanta masa. Abin da ke ƙara wahalar neman shi ne, sunan da aka san fim da shi a unguwa sau da yawa ba shi ne na asali ba, domin 'yan kallo da masu hayar kaset da masu fassara kowa yakan raɗa masa nasa. Saboda haka mai nema ya ajiye batun suna tukuna, ya fara tattara abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji.

Kafin a taɓa waya, a ɗauki takarda a rubuta duk abin da ake tunawa, a kuma ware wanda aka tabbatar da wanda ake zato. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin da zarar mutum ya fara kallon guntayen bidiyo a YouTube, sabon abin da ya gani zai cakuɗe da tsohon, har ya rasa wanne ne nasa. A rubuta shekarar da aka kalla, idan kuma ba a riƙe ta ba, a auna da ajin da ake a makaranta ko gidan da ake zaune a lokacin. Sai dai a sani cewa wannan shekara iyaka ce kawai: fim ba zai kasance an yi shi bayanta ba, amma yana iya girme mata da shekara goma ko fiye, tunda gidajen silima irin su Plaza da Eldorado da Marhaba a Kano sun riƙa maimaita tsofaffin fina-finai muddin 'yan kallo suna so. A ƙara da inda aka kalla da harshen da aka ji ana yi a ciki.

Daga nan sai a nemo abin da ya bambanta fim ɗin da sauran 'yan uwansa. Cewa jarumi ya rama kisan mahaifinsa ba zai kai mutum ko'ina ba, don ɗaruruwan fina-finai haka labarinsu yake. A ɗauki misalin wanda ya ce yana neman fim ɗin macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace. Akwai aƙalla sanannu biyu da ake yawan haɗawa. Idan macijiyar tana bin wasu maza ɗaya bayan ɗaya tana halaka su saboda an kashe mata masoyi, to Nagin ne na 1976, wanda Reena Roy ta fito a ciki. Idan kuwa matar aure ce a wani babban gida, ga wani gardi yana busa mata sarewa tana rawa a ƙasa cikin fararen kaya, to Nagina ne na 1986, na Sridevi da Rishi Kapoor da Amrish Puri. Tambaya guda, wato ko akwai gardi mai busa a tsakiyar labarin, ta isa ta raba gardama.

Fuskar jarumi ita ce hanya mafi sauƙi. Wanda ya riƙe laƙabi kawai, kamar Sarkin Ƙarfi da ake kiran Dharmendra, sai ya tambayi wani dattijo da ya yi zamanin silima ya faɗa masa sunan gaskiya, sannan ya buɗe jerin fina-finan jarumin a Wikipedia ko shafin bayanan fina-finai na IMDb, ya taƙaita a kan shekarun da ya rubuta, ya bi taƙaitaccen labarin kowanne. Waƙa ma babbar shaida ce. Manhajar Shazam tana gane waƙa idan ta ji sautinta na asali, manhajar Google kuma tun 2020 tana karɓar rerawa ko guna da baki, ko da mutum bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Idan hoto ne ya rage, ko da na bangon kaset ne da ya koɗe, a gwada shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto. A kuma lura da fina-finan kudancin Indiya, na harsunan Telugu da Tamil, domin akan sauya musu suna idan an mayar da su Hindi, mai fassarar Hausa kuma ya sake sa musu wani.

Sha'anin katun ya dogara kacokan a kan tashar da aka kalla, musamman katun ɗin Japan da aka yi ta fassarawa. Yaron nan ɗan ƙwallo da masu kallon tashoshin Larabci suka sani da Kyaftin Majid, shi ne wanda masu kallon fassarar Faransanci a Nijar da Kamaru suka sani da Olive et Tom, sunansa na asali kuwa Captain Tsubasa, wanda aka fara nunawa a 1983. Haka Goldorak na Faransanci shi ne Grendizer na 1975. Don haka a yi binciken da harshen da aka kalla, da gajerun kalmomi masu siffanta abin da aka gani, a haɗa da zangon shekarun. A nan ma ƙaramar alama ce ke warware ruɗani: zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗewa su zama ƙato guda Voltron ne na 1984, mutane masu kamannin kyanwa da shugabansu mai takobi kuwa ThunderCats ne na 1985.

Tsofaffin fina-finan Hausa na kaset, waɗanda aka fara da Turmin Danya a 1990, su ne intanet ba ta cika taimakawa a kansu ba, saboda da yawa ba a taɓa ɗora su ba. A nan mutane ne kundin: tsofaffin 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai, masu shagunan haya na dā, da mawaƙa. A je musu da sunan jarumi da baiti ɗaya na waƙa.

Wasannin bidiyo na dā su ma wannan ƙa'ida ce ke aiki a kansu, wato a fara tabbatar da na'ura da nau'in wasan kafin a nemi lambar sirri, wato jerin maɓallan da ake dannawa don buɗe wani ɓoyayyen abu a wasan. Wasan Contra na NES, na'urar kamfanin Nintendo, an sayar da shi a Turai da sunan Probotector, an kuma mayar da sojojin mutum-mutumi, na'urar Mega Drive ta kamfanin Sega kuwa a Amurka Genesis ake ce mata. Lambar da ta fi kowacce shahara ita ce ta kamfanin Konami, wadda ta fara fitowa a wasan Gradius a 1986: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. A Contra ana danna ta ne a allon farko kafin wasan ya fara nuna kansa, sannan a danna Start, sai a sami rai 30 maimakon 3, idan kuma mutum biyu ne a danna Select kafin Start. A Sonic na farko na 1991, a allon farko a danna sama, ƙasa, hagu, dama, idan an ji ƙarar zobe sai a riƙe A a danna Start, jerin matakai zai bayyana a zaɓi wanda ake so. A Mortal Kombat na Mega Drive, A, B, A, C, A, B, B a allon rubutun da ke zuwa da farko ita ke sa a riƙa ganin zubar jini a faɗan, amma ba ta aiki a na Super Nintendo. A Super Mario Bros kuma, idan rai ya ƙare, riƙe A tare da danna Start yana mayar da mutum farkon duniyar da ya mutu a ciki.

Idan lamba ta ƙi ci, kada a yi saurin cewa ƙarya ce. Kaset ɗin nan masu alƙawarin dubban wasanni a guda ɗaya, waɗanda suka cika kasuwanninmu tare da na'urorin kwaikwayo, sau da yawa an taɓa wasannin cikinsu, har wasu an cire musu allon farkon da ake danna lambar. Mai wasa a waya ko kwamfuta kuma ya duba yadda aka jera masa maɓallai, domin a madannin NES na asali B ne a hagu, A a dama, kuma manhajoji da yawa sukan juya su. A gyara jerin, a sake kunna wasan daga farko, a danna lambar a natse ba tare da tsayawa a tsakiya ba.