Yadda ake bin diddigin asali da tarihin siyasar shugaba a ma'ajiyun tarihi na Kaduna

Mai son rubuta tarihin wani shugaban ƙasa ɗan Arewa ya fara da takarda kafin ya je wurin dattawa. A Kaduna wurare biyu ne ke da kayan aiki: Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna wanda yanzu cibiyar bincike ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon. Ka tafi da takardar gabatarwa da katin shaida, da fensir maimakon biro, don tsofaffin fayil-fayil ba sa son tawada.

Mu ɗauki marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. An haife shi a Katsina a 1951. Mahaifinsa Musa 'Yar'aduwa ɗan jam'iyyar NPC ne, ya riƙe ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Yayansa Shehu ya zama mataimakin Obasanjo a mulkin soja daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Shi kuwa Umaru, da ya taso sai ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, ba jam'iyyar da gidansu ya saba da ita ba. Wanda ya ɗauka cewa ɗa kullum layin uba yake bi, nan zai fara tuntuɓe.

Tarko na farko shi ne sunan jiha. Sai a 1987 aka cire Katsina daga Kaduna. Kafin nan, daga 1967 zuwa 1976, Katsina na cikin Jihar Tsakiyar Arewa, a zamanin Turawa kuma sunanta Lardin Katsina. In ka nemi takardun uban da sunan Jihar Katsina, hannu rabbana za ka dawo. Fayil-fayil na lardi masu lambar KATPROF za ka tambaya.

Na biyu sarauta. Jaridu kan kira mutum da sarautarsa kawai, alhali Matawallen Katsina uban ya riƙe ta, daga baya Umaru ya gaje ta. Duk inda ka ga sarauta, duba shekarar jaridar tukuna. Haka sunan gidan, ana rubuta shi iri-iri, sai ka gwada kowanne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, New Nigerian a 1966, su ne za su ba ka ranakun naɗi da na rantsuwa.

Zaɓuka kuwa a jera su har da waɗanda aka faɗi. Masu rubutun yabo kan tsallake 1991, lokacin da Umaru ya tsaya takarar gwamna a SDP, Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi, su dira kan 1999 da ya ci a PDP, sannan shugabancin ƙasa daga 29 ga Mayu 2007 zuwa rasuwarsa ranar 5 ga Mayu 2010.

Bayan nan sai dattawa. Ka shiga ta hannun mai unguwa, ka riƙe goro, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kada ka tara su wuri ɗaya, don ƙarami ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane. Tsofaffin mata sun fi riƙe dangantakar ɗakuna, wace ce ta haifi wane. Kirarin maroƙa ka rubuta shi a matsayin kirari, salsalar da ke cikinsa sai ka sami wani bakin daban ko takarda ta tabbatar da ita.