Tela, kafin ɗinkin Sallah ya cinye ka

Shekarata goma sha huɗu a kan keke a Tudun Wada, nan Gusau, amma sai a azumin 2024 na san akwai gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya maganinta. Saura kwana huɗu Sallah, wajen ƙarfe uku na dare, na ɗauki shaddar wani bawan Allah na fasa wuyan rigar ta baya. Ina tsaye ina kallon ɓarnar, yaron shagona ya tambaye ni inda farin zare yake. Na yi masa tsawar da har mai shayin bakin titi ya leƙo. "Yi haƙuri, maigida," abin da ya ce ke nan, ya koma gugarsa. Da safe 'yata ta taho da gudu za ta rungume ni, na ce ta ba ni wuri.

Daga baya na ji cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali da alamu uku: ƙarfinka ya ƙare, zuciyarka ta fita daga aikin, sannan aikin ya fara lalacewa a hannunka. Duka ukun sun hau kaina.

Gyaran yana farawa ne ranar karɓar ɗinki. Ka san abin da hannunka ke gamawa a yini. Ni da yarona kaftani uku ne, in babu aiki a wuya. Lissafa kwanakin da suka rage, cire biyun ƙarshe don gyare-gyare da ɗauke wuta, ka ninka sauran da abin da kake gamawa a yini, ka rubuta adadin ɗinkin a littafi. Ya cika, rufe. Faɗin "a'a" shi ne mai wuya, musamman ga tsohon kwastoma da ya shigo da leda yana murmushi. Ni dai cewa nake, "Alhaji, gara in ɓata maka rai yau da in ɓata maka yadi ranar jajiberi." Wasu kan yi fushi, bayan Sallah su dawo. 'Yan uwa kuwa ba a iya musu, don Inna ba ta san wani littafi ba, saboda haka gurbi biyar nake ware musu tun farko.

Barci kuma, baligi na bukatar awa bakwai ko fiye. A azumi raba shi nake: in rufe shago sha biyun dare, in kwanta har sahur, in ƙara bayan Asuba, in yi ƙailula bayan Azahar, lokacin da rana ke dukan kwanon shago. Goro da Nescafe bayan Tarawihi na daina. Tramadol da wasu yaran shaguna ke haɗiya don su kwana kan keke, kada ka kusance ta. Tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

In fushi ya taso, fara ajiye almakashi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ni nakan fita bayan shago in yi alwala, in ja numfashi in sake shi a hankali kamar sau goma, sannan in tambayi kaina me ke damuna. Sau da yawa tsoron kunya ne gaban mai kaya, ko tunanin kuɗin kayan Sallar yarana, fushin na bisa ne kawai. Abin da ka gano, faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi. Ni maiɗakina na faɗa wa, har batun shaddar, wadda sai da na yi wata uku ina biya.

In Sallah ta wuce da mako biyu kana nan cikin ƙunci, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, ko kana jin gara mutuwa, ka ga likita. Fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Ka tafi da ɗan'uwa, kada ka tafi kai kaɗai.