Kurakuran da masu sha'awar wasan harbi ke yi wajen zaɓen ƙaramar bindiga ta .22

Ranar wata Asabar ɗan yayata ya zo mini daga Kubwa, ko zama bai gama yi ba ya miƙo waya. "Kawu, dubi wannan. An ce ita ce mafi araha, kuma ba ta da tsalle a hannu. Wace ce za ka ce in nema?" Bidiyo ne na wani Ba'amurke yana harbin gwangwani a bayan gidansa da fistol mai cin harsashin .22, wato ƙaramin harsashi mai faɗin kashi 22 cikin ɗari na inci. Na daɗe ina jin irin wannan tambaya a Abuja, daga matasa da ma manyan ma'aikata waɗanda suka taɓa shiga filin koyon harbi a wata tafiya ƙasar waje suka dawo da sha'awar abin. Sha'awar ba laifi ba ce. Harbin saiti wasa ne na natsuwa da ake fafatawa a kansa har a gasar Olamfik, kuma ni kaina ina ƙaunarsa. Sai dai kusan kowa da kuskure ɗaya yake farawa, kuma shi ne mafi tsada.

Kuskuren shi ne a ɗauka abin da aka gani a bidiyo ya halatta a nan. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba (mai gidan harsashi da ke juyawa), manya da ƙanana, suna cikin rukunin farko na haramtattun makamai, jere ɗaya da mashinga da gurneti, kuma ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ƙanƙantar harsashi ba ta fitar da .22 daga wannan rukuni. Rukuni na biyu shi ne na bindigar farauta da bindigar iska, har da fistol ɗin iska, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne irin su bindigar toka, da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Wanda aka kama da makamin rukunin farko ba izini, hukuncinsa ba ya gaza shekara 10 a gidan yari. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai kawo maka fistol "da takardunta" a bayan wani shago, ko ya turo maka hoto ta WhatsApp, ko dai ɗan damfara ne ko kuma zai jefa ka cikin masifar da kuɗi ba sa fitarwa. Haka wanda ya saya a waje ya cusa a akwati: shigo da makami yana buƙatar izinin hukuma tun kafin kaya su taso, kuma kwastam ba sa karɓar uzurin "ta wasa ce".

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsauri ba. Birtaniya ta hana mallakar ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yara a wata makaranta a garin Dunblane a 1996, kuma haramcin ya haɗa da .22, har ta kai 'yan wasansu na fistol suna fita ƙasar waje atisaye. A Amurka ma, baƙon da ya shiga da bizar ziyara ko ta karatu ba ya shiga shago kawai ya saya, in ban da wasu keɓantattun sharuɗɗa.

To mene ne gyara? Ga mazaunin Abuja, ƙofar da ke buɗe ita ce bindigar iska da lasisinta, ta hanyar kulob mai rajista ko hukumar wasan harbi ta ƙasa, bayan ka je ka tambayi 'yan sanda da bakinka halin da ake ciki game da ba da lasisi a lokacin, domin akan dakatar da shi. Mutane na raina wannan shawara, kuma rainin shi ne kuskure na biyu. Fistol ɗin iska na mita 10 wasan Olamfik ne cikakke. Ƙwayar da yake harbawa faɗinta milimita 4.5 ne, da'irar maki goma kuwa milimita 11.5 kacal, wato ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba. Ana harbi 60 da hannu ɗaya, a tsaye, ba jingina. Wanda ya iya wannan, ranar da aka miƙa masa .22 a filin da doka ta yarda ba zai yi baƙunta ba, don tsayuwa da numfashi da jan kunama duk ɗaya ne. Ƙwayoyin kuma gwangwani guda 500 ne, ba ƙara mai firgita kowa. Kamfanoni irin su Steyr da Morini da Walther su ke ƙera na manyan gasa, amma akwai IZH-46M ta Rasha, wadda ake ɗana ta da hannu ba sai an nemi tulun iska ba, kuma masu koyo da yawa da ita suka fara.

Sauran maganata ta shafi wanda ke da halin taɓa .22 bisa doka: ɗan'uwanmu mazaunin ƙasar da ta yarda, ko mai zuwa filin haya in ya yi tafiya, ko ɗan wasan da ke ƙarƙashin hukuma. Su ma suna tafka nasu.

Da yawa ba su san abin da ya bambanta wannan harsashi da sauran ba. A manyan harsasai, abin da ke kunna albarushi yana tsakiyar gindin kwanso. A .22 kuwa an shafa shi ne a cikin leɓen kwanson ta kewaye, sai allurar bindiga ta daki gefe ta murƙushe shi wuta ta tashi. Wannan tsohuwar dabara ce, nau'in .22 LR (Long Rifle) da ake amfani da shi yau tun 1887 aka fito da shi a Amurka, kuma sauƙin ƙirarsa ne ya sa yake da araha. Amma a nan matsala take: in ka ja kunama bindiga ba komai a ciki, allurar na iya dukan ƙarfen bakin ramin da harsashi ke kwanciya, a hankali ta yi masa tabo har kwanso ya fara maƙalewa. Na ga mutum ya sayi sabuwa fil, ya kwana yana ƙyas-ƙyas da ita a ɗaki da sunan atisaye, cikin wata biyu ta fara gardama. Wasu ƙirar zamani an yi musu abin da ke tare allurar, wasu babu. Karanta littafin da ya zo da taka, in kuwa kana shakka ka sa harsashin roba da aka yi don wannan aiki.

Sai batun araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daram, amma ba yadda ake zato ba. Kuɗin bindiga sau ɗaya ake biya, harsashi kuwa kullum ne. Mai zuwa fili sau biyu a wata yana harba kwali biyu masu 50-50 zai ƙone 2,400 a shekara, kuma cikin 'yan shekaru abin da ya kashe a harsashi zai haura kuɗin bindigar. In ka sayi mai tsirfa, wadda ba ta aiki sai da harsashi mai tsada, ko mai cijewa bayan kowane harbi goma, ka yi asara ko da rabin farashi ka same ta. Wadda ta cancanci kuɗinta ita ce wadda ke cin harsashin talaka ba ƙorafi, ake samun gidan harsashinta da sifirin ɗinta a ko'ina, kuma in ka tashi sayarwa ba a yi maka tayin wulaƙanci. Shi ya sa tsofaffin ƙira ke riƙe da kasuwa. Kamfanin Ruger ya fito da tasa tun 1949, zuriyarta ta kai Mark IV a 2016, wadda ake buɗe ta da danna maɓalli ɗaya, alhali waɗanda suka gabace ta sun yi suna wajen wahalar mayarwa in an kwance. Browning Buck Mark tana nan tun 1985, kunamarta na da daɗi tun daga kwali. SW22 Victory ta Smith & Wesson ma tana cikin wannan sahu. A ganina mai farawa ya tsaya a nan. Irin su Model 41 ta Smith & Wesson ko Pardini ta Italiya kyawawa ne ƙwarai, sai dai hannun da bai ƙware ba ba zai ga bambancin da ya biya wa kuɗi ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne saye don kamanni. Matashi yana son wadda ta yi kama da ta jami'an tsaro, baƙa, gajeriya, mara nauyi. Taurus TX22 da Glock 44, da suka fito a 2019, ba su da aibu a aikin da aka yi su dominsa, amma nauyinsu bai wuce kusan rabin kilo ba, kuma bindiga mara nauyi tana bin kowace rawar hannu. Ta harbin saiti takan kai kilo ɗaya ko fiye, da bututu mai kauri na wajen santimita 14, nauyin ne ke kwantar da ita. Tsawon kuma yana da lissafi. A ce tsakanin ƙusar saiti ta gaba da tsagar baya santimita 20 ne. In ka kauce da milimita ɗaya tak wajen daidaita su, a nisan mita 25 harsashi zai kauce da santimita 12 da rabi, alhali da'irar maki goma a takardar wannan nisa faɗinta santimita 5 ne. In tazarar ta gajarta, wannan kuskuren na milimita ɗaya sai ya ƙara girma. Don haka ka nemi mai saitin baya da ake juyawa da sukuddireba sama da ƙasa, hagu da dama. Mai kafaffen saiti za ta sa ka riƙa karkata hannu don ka rama, ka koyi ɗabi'ar da za ta yi wuyar bari.

Kunama kuwa kada ka saya sai ka ja ta. A gasar mita 25 ba a yarda nauyin janta ya gaza giram 1,000 ba, a ta iska giram 500. Masu araha da yawa sun ninka haka, amma ba nauyin ne babban abin dubawa ba, tsabtar tsinkewar ce. Mai kyau takan tsaya cak sannan ta karye lokaci guda, mara kyau sai ka ji tana ja kamar ana jan ƙofa a kan yashi. Mariƙi ma haka: hannun kowa daban, wadda ta dace da abokinka ba lalle ta dace da kai ba. Filaye da yawa a waje suna ba da haya, ka gwada uku ko huɗu kafin ka zaro kuɗi.

Ban manta da libarba ba. Ba ta zaɓen harsashi, don ba ƙarfin harbin ne ke juya ta ba, kuma Ruger Wrangler ko Heritage Rough Rider suna cikin mafi sauƙin kuɗi. Yawancinsu dai saitinsu tsaga ce kawai a jikin ƙarfe, sun fi dacewa da nishaɗi fiye da neman maki. A kula kuma: .22 Magnum wani harsashi ne daban, kwansonsa ya fi kauri da tsawo. Sa .22 LR a raminsa na iya tsaga kwanso.

A wajen harsashi, mutane na rububin wanda aka rubuta masa gudu mai yawa, suna zaton ƙarfi shi ne kyau. Takarda ba ta buƙatar ƙarfi. Masu gasa na amfani da mai matsakaicin gudu, ƙwaya mai nauyin giram 2.6 da ba ta kai saurin sauti ba, irin na kamfanonin Eley ko Lapua ko CCI, saboda harbi na farko da na hamsin kusan ɗaya suke fita. Kowace bindiga kuma da wanda take so. Sayi kwali ɗaya-ɗaya daga iri huɗu, ka ɗora hannu a kan buhun yashi, ka harba goma-goma, ka ga wanne ya fi taruwa wuri guda. In ka ja kunama bai tashi ba, abin da kan faru da wannan harsashi fiye da sauran, kada ka juyo da ita kana leƙe. Bar bakinta yana kallon takarda ka ƙirga daƙiƙa 30. In kuma ka ji ƙarar ta fito a raunane, dakata nan take a duba bututun, don ƙwaya na iya tsayawa a ciki.

Harsashin .22 ƙazami ne, jikinsa da kakin shafawa, kuma yana barin toka. Wanda ya san ƙurar hunturun Abuja ya san abin da ke faruwa in ta haɗu da maiƙo, ta zama kamar kunu mai yashi. Wannan ya shafi bindigar iska ma. Man shafawa kaɗan ake sawa, a goge sauran, a rufe a akwati mai makulli inda yaro ba ya kaiwa, harsashi kuma a wani wuri daban.

Abu na ƙarshe da na faɗa wa ɗan yayata shi ne kalmar "ƙarama" da yake ta maimaitawa. Harsashin .22 yana kisa, kuma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ƙararsa daga gajeren bututu ta wuce desibel 140, matakin da ke lalata ji ko da sau ɗaya ne, saboda haka abin toshe kunne da tabarau suna cikin kuɗin da za ka ware tun farko. Sannan ƙwayar dalma ce, ta .22 da ta iska duka. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Ba a ci ba a sha a wurin harbi, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko a ɗauki yaro, kayan da aka sa kuma a wanke su daban.

Ya yi shiru yana juya wayar a hannu, can ya ce, "To Kawu, ita ta iskar, da wane hannu ake fara riƙewa?" Na ce ya tashi tsaye, na miƙa masa gorar ruwa mai lita ɗaya, na ce ya miƙe hannu da ita ya kalli ƙusar da ke jikin bango har in ƙirga talatin. Kafin in kai ashirin ruwan ya fara rawa.