Darasi na 6: Wace hanya saƙonka yake bi?

Mutane da yawa sun ɗauka intanet a iska yake. A gaskiya yawancin tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa take, da ƙarƙashin teku.

A ce kana unguwar Mabera a Sakkwato, ka tura wa ƙaninka da ke Jidda saƙon murya. Wayarka za ta miƙa shi ga ƙarfen sabis mafi kusa da kai. Daga can sai ya gangara cikin kebul ɗin da aka binne, irin wanda ake haƙa wa rami a gefen titi. A cikin kebul ɗin akwai siraran zaren gilashi, saƙo kuma yana gudu a cikinsu ne da siffar haske.

Saƙon ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lambarta da adireshin inda za ta. Kamar ɗan kasuwa ne da ya raba albasarsa a motoci uku zuwa Legas, wata ta bi ta Yawuri da Kwantagora, wata ta bi ta Gusau da Funtuwa. In hanya ɗaya ta cushe, a bi wata. A kowace mararraba akwai na'ura mai duba adireshi ta tura gunduwar gaba. In sun isa sai a jera su bisa lamba, wadda ta ɓace kuma a sake aiko ta. Duk wannan kafin ka mayar da waya aljihu.

Adireshin nan lambobi ne, ana ce masa IP. Babu mai iya haddace su, shi ya sa ake rubuta suna, wasu kwamfutoci na musamman su mayar da sunan lamba. Sunan da ya ƙare da .ng na Najeriya ne.

To, yaya saƙo yake ƙetare teku? Manyan kebul ne aka shimfiɗa a ƙasan ruwa, yawancin namu a Legas suke fitowa tudu. Biyu daga cikinsu, MainOne da Glo-1, sun fara aiki a 2010. Ran 14 ga Maris 2024 manyan kebul guda huɗu suka lalace a teku ta wajen ƙasar Kwaddibuwa. A ranar masu POS da bankuna sun ji a jikinsu.

Saboda haka in ka ga sabis a cike amma kuɗi sun ƙi tafiya, kada ka ɗora wa wayarka laifi, wataƙila matsalar tana can gaba. Kada kuma ka yi ta danna turawa, ana iya cire maka sau biyu. Dakata, ka duba abin da ya rage a asusunka tukuna.

Aiki

Karanta da ƙarfi, sannan ka rubuta: intanet, kebul, sabis, adireshi.

Me ake yi idan gunduwa ɗaya ta ɓace a hanya?

Nemi ƙarfen sabis mafi kusa da gidanku, ka rubuta sunan unguwar da yake.