Yadda na sauya tsofaffin tagogin gidanmu a Garwa ta Kamaru

Gara ta gama da tagogin katakon gidanmu, in ka danna yatsa sai ya nutse. Da muka tashi gyara, ga hanyar da na bi.

Fara aikin bayan damina, kafin ƙurar hunturu ta sauko. Auna faɗin ramin kowace taga a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Awon da ya fi ƙanƙanta za ka kai wa mai walda, ka rage santimita 1. Ni sau ɗaya na auna, taga guda ta ƙi shiga, sai da magini ya sassaƙe bango yana ta mita.

Kada a cire tsohuwa sai sabuwa ta iso gida. A yanka katakon da zarto, a zare shi gunduwa-gunduwa. In aka fizga da ƙarfi, bangon ƙasa zai biyo shi.

Ta ƙarfe na zaɓa, mai ragar sauro, don kusa da kogin Binuwai muke. A shafa mata fentin hana tsatsa tukuna, a tokare ta da 'yan itace, a tabbatar ba ta karkace ba, sannan a cike gefe da siminti. Kwana 3 ana yayyafa ruwa, kada yara su girgiza ta.