Yadda Ake Hana Ruwan Taki Gurɓata Rijiyoyi a Wurin Haɗa Taki

Yawancin masu fara haɗa taki daga kashin dabbobi da sharar kasuwa suna kafa wurinsu ne da rani, saboda haka ba sa tunanin ruwa sai marka ta sauka a watan Agusta. A lokacin ne baƙin ruwa mai wari yake tsatsafowa daga gindin tarin, ya kwanta, ƙasa ta shanye shi. Wannan ruwa yana ɗauke da gishiri da ƙwayoyin cuta na kashi da kuma sinadarin ammoniya, wanda yake rikiɗa ya zama wani sinadari mai suna naitiret a cikin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada naitiret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, kuma jarirai ne suka fi cutuwa idan ya wuce.

Da farko a zaɓi wuri. A guji fadama da jigawa, domin ruwan fadama yana kusa da sama, yashi kuwa ba ya riƙe komai. A bar aƙalla mita 30 tsakanin wurin da kowace rijiya, kuma wurin ya kasance a ƙasan gangare, rijiyar tana sama da shi. A leƙa rijiyoyin maƙwabta a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fi tasowa. Idan tazarar da ke tsakanin ruwan da doron ƙasa ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, a nemi wani fili.

Sai daɓe, wanda a nan ne akasarin mutane suke faɗuwa. Abin da na saba gani shi ne a share fili, a watsa jar ƙasa, a tattaka da ƙafa, a ce an gama. Irin wannan ba ya tare ruwa ko kaɗan. Dole ne a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi, sannan a shimfiɗa yumɓu kauri santimita 15, a daɓe shi sosai da madaɓi, a ƙara wani a kai, har hawa uku. Danshin yumɓun shi ne komai: a murza ɗan kaɗan a tafin hannu, idan ya yi igiya siririya ba tare da ya karye ba kuma bai manne wa hannu ba, ya yi daidai. Busasshe ba ya haɗewa, wanda ya jiƙe sharkaf kuma zamewa yake yi a ƙarƙashin madaɓi. Kada a bar shi a rana bayan an gama, domin zai tsattsage, ruwa ya bi ta tsagar. A rufe shi da marmara a ranar, a sake daɓewa, don ta kare shi daga rana da bakin shebur. Daɓen ya karkata gefe guda da kimanin santimita 2 a kowace mita. A gwada da bokitin ruwa: duk inda ya tsaya, a cike wurin. Wanda yake da hali ya zuba kankare mai kauri, amma siminti na shafe-shafe don tsimin kuɗi ba ya kai damina biyu, haka ma siririyar leda.

Bayan haka a raba ruwan sama da taki. A haƙa kwata a gefen tudu don ta kawar da ruwan da ke gangarowa daga waje. A tuna cewa ruwan sama milimita 50 a kan fili mai murabba'in mita 200 lita 10,000 ne, kuma duk ruwan da ya taɓa taki ya zama abin tarawa. A jera tarin dogo-dogo kamar kunyoyi, suna bin gangaren, kada su gitta shi su datse ruwa. A ɗora kowane tari a kan shimfiɗar karan dawa ko ɓuntun shinkafa, a rufe samansa da tamfol idan hadari ya haɗo, a bar gefensa yana shan iska. Idan aka matse takin a hannu ruwa ya ɗiga fiye da ɗigo ɗaya ko biyu, a ƙara busassun kaya a juya.

A ƙasan gangaren a gina ramin tara ruwa da bulo, a shafe shi da siminti ciki da ƙasa, a yi masa murfi saboda yara da sauro. A riƙa kwashe shi kafin ya cika, ana mayar da ruwan kan sabon tari mai zafi kaɗai, ba kan takin da ya nuna ba, kuma kada a ba latas ko alayyafo. A kai ruwan rijiya mafi kusa ɗakin gwaji sau ɗaya da rani, sau ɗaya a ƙarshen damina, a nemi a auna naitiret da ƙwayoyin cuta, a ajiye sakamakon don kwatantawa da na shekara mai zuwa.