Matakan Neman Takardar Mallakar Ƙirƙira ga Mai Haɗa Na'urar Sola

Wanda ya haɗa wata na'ura ta lantarki da hannunsa, ta kuma yi aiki, abu na farko da ke zuwa masa shi ne ya ɗauki bidiyo ya ɗora a Facebook ko WhatsApp. Idan yana da niyyar neman takardar mallakar ƙirƙira, wannan bidiyon na iya rusa masa komai. Dokar Najeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya ƙunshi basirar da ba kowane masani ne zai hango ta nan take ba, kuma a iya amfani da shi a masana'antu. Abin da jama'a suka riga suka gani kafin ranar shigar da takarda ya daina zama sabo, ko da kai ne ka nuna musu. Saboda haka mataki na farko shi ne a rufe baki tukuna.

Mataki na biyu shi ne bincike don ganin ko wani ya riga ka, kuma nan ne aikin ya fi nauyi. Google Patents, Espacenet da Patentscope, shafukan intanet na binciken takardun mallakar ƙirƙira, duk kyauta ne. Kada ka tsaya ga kalmomi kawai, domin masu rubuta waɗannan takardu kan kira abu ɗaya da sunaye barkatai. Yi amfani da lambobin da duniya ke raba ƙirƙire-ƙirƙire da su zuwa fannoni: H02S na samar da wuta daga hasken rana ne, H02J na cajin batir da rarraba wuta, G01R na auna wutar lantarki, G05B 23 kuma na sa ido kan injuna da tsarin masana'antu. Haɗa lambar da kalma ɗaya ko biyu. Ka sani kuma cewa yawanci ba a wallafa takardar neman sai bayan wata 18 da shigar da ita, don haka akwai abubuwan da ke kan hanya da ba za ka gani ba.

A cikin kowace takarda, sashen da ya fi muhimmanci shi ne da'awowin da ke ƙarshe, wato jerin abubuwan da mai ƙirƙirar ya ce nasa ne, musamman da'awa ta farko. Zane da dogon bayani suna taimakawa wajen fahimta, amma iyakar abin da mutum ya mallaka yana cikin da'awarsa ne. Duba kuma ranar shigarwa. Kariyar ba ta wuce shekara 20, bayan haka kowa na iya amfani da ita. Takardar da Daryl Chapin, Calvin Fuller da Gerald Pearson na cibiyar bincike ta Bell Labs suka samu a Amurka a 1957 kan batirin hasken rana na silikon ta daɗe da ƙarewa, kuma takardu irinta tamkar littafin karatu ne ga mai son sanin asalin yadda abubuwa ke aiki.

Ga misali da ya dace da yankinmu. A lokacin hunturu ƙura kan kwanta a kan farantin sola har wutar da yake bayarwa ta ragu sosai, kuma mutane da dama sun yi tunanin na'urar da za ta faɗa musu lokacin wanki. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki ƙananan faranti biyu iri ɗaya, misali na wat 10, a kafa su gefe da gefe a kusurwa ɗaya, a riƙa goge ɗaya kullum, a bar ɗayan. A haɗa wayoyin kowanne ta cikin risista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) mai om 0.1, na'urar auna wuta ta INA219 ta karanta yawan wutar da ke gudana, wato amfiya, ƙaramar kwamfuta ESP32 ta ajiye sakamakon. Farantin wat 10 a tsakar rana yakan ba da kusan amfiya 0.6, wato kusan milibolt 60 a kan risistar. Raba adadin mai ƙura da na mai tsabta, sai ka ga nawa ƙura ta ci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna bolt ɗin farantin kansa maimakon amfiya. Ƙura ba ta taɓa bolt sosai, zafi ne ke motsa shi, amma amfiya tana bin yawan hasken da ya shiga kai tsaye. Kuskure na biyu shi ne rashin gwada faranti biyun duk suna da tsabta tun farko. Ko daga kamfani ɗaya suka fito, akwai ɗan bambanci da dole a cire. A kuma ɗauki karatu kusa da tsakar rana, domin da safe hasken yana zuwa ne a karkace.

Wannan dabarar ta kwatanta faranti biyu sananniya ce, kada ka ɓata kuɗinka wajen neman mallakarta. Abin da zai iya zama naka shi ne ƙarin da ka yi, misali sabuwar hanyar goge farantin ba tare da ruwa ba. A kan wannan ƙarin za ka rubuta da'awa.

Takardun da ake shigarwa a ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja sun haɗa da cikakken bayani, da'awowi da zane. Hukumar NOTAP, ta gwamnatin tarayya mai kula da bunƙasa fasaha, tana taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shirya su. Wani abu da ya kamata a sani: ofishin yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya tantance sabuntar abin, don haka kotu na iya soke takardar daga baya idan wani ya nuna an riga ka. Ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, in an daina, kariyar ta faɗi.

Takardar Najeriya ba ta aiki a waje. Nijar, Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta haɗin gwiwar ƙasashe mai hedikwata a Yawunde, Ghana da Sudan kuma suna cikin takwararta ARIPO mai hedikwata a Harare. Kana da wata 12 daga ranar shigarwa ta farko ka nemi kariya a can da wannan ranar taka ta asali.